Karen da Baba ya aike ni ɗaukowa daga Dubai

Mun tashi daga Zariya asuba ba ta gama yi ba, ni da wani Alhaji maƙwabcin shagona, muka nufi filin jirgin Kano. Shi kayan waya zai saro, ni kayan sola. Amma ni da saƙo na biyu a wuyana, kuma shi ne ya hana ni runtsawa a mota.

Ga yadda abin yake. Babanmu tsohon maharbi ne, yau ya haura saba'in, kuma karnukansa sun ƙare saura mata biyu. Autarmu shekararta huɗu a Dubai, tana aiki a ɗakin wanki na wani otal. Bara ta tsinci ɗan kwikwiyo a bayan wani gini, ashe irin karen farautar Larabawa ne da suke kira saluki, ta sa masa suna Dogo. Duk hoton da ta turo sai Baba ya sa an buɗe masa shi sau uku. Ana nan sai wata rana ta faɗa a waya cewa za ta kai shi likita a yi masa dandaƙa. Ranar Baba bai ci tuwon dare ba. Ya ce kare irin wannan ba taure ba ne, in ta gaji da shi a kawo masa da ƙwayayensa ya samu iri. Auta ta ce, "To, Baba." Da wannan to ɗin aka ɗora ni a hanya.

Mun yada zango a Addis, awa biyar a kan kujerar ƙarfe. Alhaji bai bar ni na huta ba. Ya ce shi dai ya ga masu zuwa Dubai saro gwal da atamfa, bai taɓa ganin wanda ya yanki biza don kare ba, kuma in har za a zauna da shi a jirgi to in nemi wani abokin dawowa. Na yi dariya, amma ba ta kai zuci ba. Ban san dalili ba a lokacin.

Da muka fito daga filin jirgin Dubai, zafi ya tare mu kamar an buɗe tukunyar ɗumame. Muka sauka a wani ƙaramin otal a Al Buteen, kusa da ruwa, ɗakin da in ka miƙe hannu sai ka taɓa bango biyu. Unguwar ba baƙon wuri ba ce ga Bahaushe. Kana tafiya za ka ji ana ciniki da Hausar Kano, a haɗa da Larabcin kasuwa irin su yalla da khalas kamar da su aka haife mu. Shayinsu mai madara da suke kira karak dirhami ɗaya, kwalekwalen da ke ƙetare ruwa shi ma haka, shinkafar Indiyawa kuwa faranti ɗaya ya ishe mu mu biyu. Na tambayi mai kago, wato mai kamfanin da ke aiko mana da kaya gida, ko suna ɗaukar kare. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Habibi, mu ba ma ɗaukar abu mai numfashi. Wannan sai jirgin fasinja, da takardun likita."

Washegari na hau jirgin ƙasa, na sauka na hau bas zuwa International City, unguwar da Auta ke zaune. Gidajen can duk uwa ɗaya uba ɗaya, sai da na zaga gini ɗaya sau biyu kafin Auta ta leƙo ta taga ta kira ni. Ta rame, amma ban ce komai ba. Ɗakinta ɗaya ne, gado nan, murhu nan, sai Dogo ya cinye sauran filin. Gani ya kori ji. Ƙafafu dogaye, ciki a ɗame, launin yashi, wata goma sha ɗaya da haihuwa. Ya shinshine ni, ya zaga jakata wadda na cika da kuka da daddawa, ya ɗaga ƙafa ya yi mata sannu da zuwa.

A kan tuwon semo Auta ta yi min bayani. Tun da ya fara girma ya canza. Fitsari a kowace kusurwar baranda, kuka in karyar ginin da ke gabansu ta shiga lokacinta, fizgar igiya har ya taɓa kayar da ita. Mai kula da ginin ya yi mata gargaɗi sau biyu, na uku kuwa ko ita ko karen. Shi ya sa ta yi maganar dandaƙa. Amma tun da Baba ya yi magana ta soke ranar. Ta nuna min katin allurai, ta nuna min ƙaton akwatin roba da ta saya na shiga jirgi, har a ciki take ba shi abinci don ya saba. Saura kawai likita ta duba shi ta sa hannu. Na ji daɗi ƙwarai, na ce a raina tarbiyyar gidanmu ba ta zube a jirgi ba. Ban lura cewa duk bayanin nan bango take kallo ba.

Kwana biyun da suka biyo baya na yi su ne tsakanin kasuwar 'yan Cana da ke kusa da gidanta da shagunan Deira, wajen otal ɗinmu. Kasuwar nan in ka shiga da safe sai ƙafa ta roƙe ka gafara kafin ka ga ƙarshenta. Ina duba batura ina tunanin kare. In zauna in tashi, in sayi ruwa in manta shi a kanta. Baba kuma kullum sai ya sa an kira ni: an samu takardar? Yana cin abinci? Ya ce har ya sa an gyara rumfar bayan gida.

Ranar Asabar na kwana a wurinta a kan tabarma, washegari muka fita da Dogo da sassafe, domin in rana ta ɗaga kwalta ƙona masa ƙafa take yi. A nan na ga wata Auta daban. Maigadi ɗan Pakistan ya miƙe yana kiranta Mama Dogo. Wata 'yar Filifin mai ƙaramin kare ta tsaya suka yi ta hira. Wani tsoho ɗan Cana da ba sa jin yaren juna ya fito da busasshen nama daga aljihu. Wata mata 'yar Kafanchan da ta taso daga coci ta ja ni gefe ta ce kafin karen nan ƙanwata ba ta fita ko ranar hutu, daga aiki sai gado, har sun taɓa zuwa su buga ƙofa don tsoro. Na ce mata to, na gode.

Da la'asar muka ɗauki hayar motar da ke yarda da dabbobi, don tasin gari ba ta ɗaukar kare, muka fita bayan gari inda gine-gine ke ƙarewa yashi ya fara. Ni na matsa a sake shi, ina so in ɗauki bidiyo in tura wa Baba. Auta ta kwance igiyar. Jama'a, na taso cikin karnukan farauta, amma ban taɓa ganin gudu irin wannan ba. Ƙafarsa kamar ba ta taɓa ƙasa. Ina ihu ina cewa Baba ya yi gaskiya, sai kawai Dogo ya tsaya, ya ɗaga hanci sama, ya juya wata nahiya ya ɓace bayan tudu.

Kusan awa biyu muna nema. Yashi ya cika min takalmi, Auta ta kira sunansa har muryarta ta dishe. Ta hau tudu ta sauka, ta faɗi ta tashi, ba ta ko dube ni ba, kuma na san laifina ne. Rana na shirin faɗuwa muka same shi a jikin shingen wata gonar raƙuma. Akwai karya a ciki, ya yi ƙoƙarin kutsawa, waya ta tsage masa cinya. Auta ta cire ɗankwalinta ta ɗaure wurin, ta sungume shi, kare mai nauyin kwatan buhun gero, ta ƙi bari in karɓa har mota.

Likitar da ta ɗinke shi ita ce dai wadda za ta sa hannu a takardar tafiya, wata dattijuwa mai magana a hankali. Na tambaye ta gaskiyar dandaƙa, ba ta ɓoye min komai ba. Ta ce ba za ta mai da shi tunkiya ba, gudu na nan, halinsa na nan. Abin da takan rage shi ne bin mata da yawan fitsarin alama, shi ma ba lallai duka ba, sai an haɗa da horo. Ta ce kare mai dogon ƙashi ba a yi masa da wuri, amma Dogo ya kusa gama girma, kuma sai an kula da cinsa bayan aikin don kada ya yi ƙiba. In an yi kuwa an yi ke nan, babu gyara. Sannan ta ce mu faɗa mata wace takarda za ta rubuta, ta jirgi ko ta tiyata.

Auta ta juyo ta dube ni, kamar yadda aka koya mana a gida cewa babba ke yanke magana. Gaba kura, baya sayaki. A nan na tuna cewa tun daga Zariya har ɗakin nan babu wanda ya yi mata tambaya ɗaya.

"Auta, ke me kike so?"

"Abin da Baba ya ce, Yaya."

"Na ji na Baba. Naki nake tambaya."

Ta daɗe tana shafa kunnen karen. "Yaya, shekara uku ina buɗe ƙofar nan babu abin da ke motsi a ciki. Shi kaɗai ne ya san lokacin da nake dawowa."

Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na ce wa likita ta rubuta ta tiyata. Aka sa rana bayan cinyar ta warke.

A hanyar dawowa Alhaji ya yi ta murna babu kare a kaya, ni kuwa daga Dubai har Kano ina tsara maganar da zan faɗa wa Baba ina warwarewa. Na same shi a tsakar gida yana gyaran tarko. Ya dubi bayana, ya dubi hannuna. Na durƙusa na faɗa masa komai, ban rage ba, har maganar da ta yi a gaban likita. Ya tashi ya shige ɗaki. Kwana biyu gaisuwata kawai yake amsawa, kuma ban ga laifinsa ba, don na san irin da yake fata ya tafi ke nan.

Abin da tafiyar nan ta koya min shi ne, "to" ɗin ƙarami a gida ba kullum yarda ba ce, wani lokaci rashin wurin cewa a'a ne. Mun shekara huɗu muna tambayar Auta ya aiki, tana cewa lafiya lau, mu kuma muna kashe waya da murna.

Rana ta uku Baba ya sa na kira masa ita ta bidiyo. Ta fito a tsorace, ta fara ba da haƙuri, har ta juya wayar za ta nuna masa Dogo. Ya ce ta bar karen, ita yake son gani. Ya kawo wayar kusa da idonsa ya daɗe yana kallonta.

"Auta, in ba ki da lafiya a can, wa ke kawo miki ruwa?"

Baba bai kashe wayar ba, ya gyara zama ya ce shi ba inda za shi, zai jira amsarta.