Ranar da Ɗanjuma ya juya wa abokin karawarsa baya

Duk tsawon shekarun da na yi ina horar da 'yan wasa a Inugu, ban taɓa mantawa da ranar Asabar ɗin da na fara shigar da ɗan kokawa cikin faɗan haɗaka ba. Ku yaran yanzu kuna ganin abin a waya, kuna tsammanin jiya aka fara shi. To, mu mun ɗanɗana irinsa tun kafin a raɗa masa suna.

Lokacin ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba, mutanenmu sun fara dawowa suna buɗe rumfunansu a kasuwar Ogbete, kuɗin mai kuma ya shigo gari. Ina aiki a wani kulob na wani ɗan kwangila, ni ne mataimakin babban koci. Maigidan namu ya ga wasan wurin ma'aikatan jirgin ruwa a Fatakwal, ya dawo ya ce shi ma sai an yi masa. Dokar wasan ita ce: naushi halal, shuri halal, kayarwa halal. Amma faɗuwa ba ta kashe wasa. Ana ci gaba a ƙasa har sai ɗaya ya bubbuga da tafin hannu alamar ya sallama, ko alƙalin wasa ya raba.

Ni na kawo Ɗanjuma. Basakkwace ne, ya ci kokawa a garuruwa da dama kafin ya gangaro kudu, inda ya ƙare da dakon buhunan albasa. Ƙato ne, wuyansa kamar turmi. Manajan kulob ɗin ya dube shi sama da ƙasa, ya ce mini, "Gwaji ɗaya zan ba shi. In ya ci, ya zama ɗan kulob. In ya faɗi, ya koma kan buhunansa, kada ka sake kawo mini shi."

Horo bai ba ni wuya ba sai a wuri guda. Da ya kayar da mutum sai ya sake shi, ya miƙe. Na yi faɗa har muryata ta dishe.

"Ɗanjuma, ka bi shi ƙasa mana!"

"Haba Koci, wanda ya faɗi ai ya faɗi. A wurinmu ba a dukan namiji yana kwance. Da wane ido zan dubi mutanen garinmu?"

Daga baya ya ce ya ji, zai yi. Na san bakinsa ne kawai ya ji.

Ranar wasa da la'asar zauren ya cika maƙil. 'Yan albasa, mahauta, 'yan goro, kowa ya rufe rumfa ya zo, har da makaɗi da gangarsa. Abokin karawar wani ne mai suna Boma daga Fatakwal, siriri, ya ƙware a shaƙa da murɗe hannu.

Ana buga ƙararrawar turmin farko, Boma ya kai naushi. Ɗanjuma ya sunkuya, ya sure shi, ya maka shi da ƙasa, tim! Zaure ya ɗauki ihu, ganga ta tashi. Ai kuwa sai gogan naku ya juya baya, ya ɗaga hannuwa sama, ya nufi makaɗi yana kirari. Ina ihu, "Bayanka! Bayanka!" Ina! Wa zai ji ni? Boma ya tashi, ya ɗafe masa baya, ya zarga masa hannu a wuya. Na ga idanun Ɗanjuma sun firfito, gwiwoyinsa sun fara lanƙwashewa. Wallahi ƙararrawa ce ta cece shi.

Ya zo kusurwa yana tari, ransa a ɓace. "Koci, wannan ai ha'inci ne! Na kayar da shi, kowa ya gani."

Na hango manaja yana girgiza kai. Na san in na sake cewa ya doki na ƙasa, mun yi asara, don ba zai yi ba. Sai na watsa masa ruwa a fuska, na kama kunnensa.

"Saurara. Ban ce ka doke shi ba. Kada ma ka ɗaga masa hannu. In ka kayar, ka kwanta a kansa, ka danne shi kamar ragon layya. Akwai abin kunya a danniya?"

Ya ce, "Babu."

"To, kada ka tashi sai ka ji muryata."

Na aika aka ce wa makaɗi in ya sake taɓa gangar nan kafin a tashi, ni da shi ne.

Turmi na biyu bai yi nisa ba Ɗanjuma ya sake ɗaga shi. Wannan karon tare suka isa ƙasa. Ya ɗora masa ƙirji a kan ƙirji, ya haɗe hannuwansa biyu ya riƙe gam. Boma ya yi ta wutsil-wutsil, ya nemi wuya, ya nemi ƙafa, babu hanya. Numfashi ya gagare shi, ya bubbuga ƙasa.

Alƙalin wasa ya ce an gama. Ɗanjuma ko motsi. Alƙali ya ja shi ta kafaɗa, ya ƙi. Sai ya ɗago kai yana nemana cikin jama'a, ya ƙwala murya:

"Koci! Yanzu an gama, ko da saura?"

Na ce, "Tashi, Ɗanjuma, kada ka kashe ɗan mutane!"

Ya tashi, ya ɗaga Boma da hannunsa, ya kakkaɓe masa jiki. Manaja ya zo yana dariya har da hawaye, ya ce Litinin Ɗanjuma ya zo a auna masa rigar kulob. Bai sake ɗaukar buhu ba.

Abin da na koya a ranar, ku da za ku horar da wasu gobe ku riƙe shi. Ɗan kokawa yana zuwa muku da ƙarfinsa, yana kuma zuwa da abin da yake jin kunyar yi. Ƙarfin kuna iya juya shi yadda kuke so. Kunyar kuwa kada ku ɓata lokaci wajen cire ta, ku nema masa hanyar cin wasa da ita. Ɗanjuma ya yi shekaru a kulob ɗinmu, ya ci manyan 'yan wasa, kuma har ya yi ritaya bai taɓa dukan mutum yana kwance ba.