Ranar da Aka Karanta Sakamakon Kawu Habibu

A danginmu ni ce mai riƙe da littafin da ake rubuta ranar haihuwa da ta aure da ta rasuwa, tun ranar da Kaka Delu ta ce rubutuna ne kaɗai ba ya kama da sawun kaji. Saboda haka idan na ba da labarin Kawu Habibu ba gulma ba ce, aikina ne.

Kawu Habibu ƙanin mahaifiyata ne, autan Kaka. A Unguwar Shanu aka haife shi, aka kai shi sakandaren kwana can wajen Katsina, ya dawo ya yi shekara goma sha biyar yana jan bas daga Kawo zuwa cikin gari. Da bayansa ya fara ciwo sai ya sayar da motar, ya buɗe shago a Kinkinau: kwamfuta uku, firinta ɗaya, da fanka mai kuka kamar akuya. Daga ranar ya zama ɗan bokon dangi. Shi ke cike fom, shi ke fassara takardar asibiti, shi ke yanke wa yaro makarantar da zai shiga. Ba shi da wata dukiya sai wannan suna, kuma yana tattalinsa fiye da yadda ya tattali bas.

Takardarsa ta sakandare dai ba wanda ya taɓa gani. Wata rana gara ce ta cinye ta, wata rana ruwa ne ya tafi da ita, amma a kowane labari kiredit tara ne a cikinta.

Shi ya kafa mana dokar duba sakamako. Duk ɗan da ya rubuta jarrabawa, a shagonsa za a buɗe, ranar Asabar da hantsi, a gaban duk wanda ƙafarsa ta kawo shi. Ba ya farawa daga sama inda suna da hoto suke. Lissafi yake fara nema, ya karanta da ƙarfi, ya yi sharhi. Yayana Idris ya sha, an ce masa kabewa aka ɗora masa a wuya. Ni ma da na ci F9 ya ce kada a bar ni in raba ƙosai a gidan suna, za a yi rikici.

Abin da ya fi burge jama'a shi ne yadda sakamakon ke fitowa. Zai kunna kwamfuta, ya yi bisimilla, ya danna sau ɗaya tak, sai ga shi a allo ba tare da ya rubuta lamba ba. Cewa yake na'urar ta san hannunsa. Sirrin kuwa daga baya muka gane. Kawu ba ya rufe burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita. Magariba na yi yake danna wurin fita, wato na kashe kwamfuta, ya bar burauzar da shafukanta a buɗe, kwamfutar ta shaƙe ta ta mutu. Da safe sai ta farfaɗo da ƙorafi a Turance, cewa jiya ba a rufe ta yadda ya kamata ba, ko a dawo da shafukan? Wannan ƙorafin shi ne sihirin. Tun ranar Juma'a yake karɓar lambarka ya buɗe sakamakon, ya bar shi a nan, ya kwana yana shirya baƙar magana.

Shekarar da na sake zaman jarrabawar, irin wadda ake yi wa waɗanda suka bar makaranta, Kawu ya riƙa ɓacewa. Ya ce wani fili yake dubawa a Rigachikun. Ba mu kawo komai ba.

Asabar ɗin ta zo. Shago ya cika: Kaka a kan farar kujera da carbinta, Idris a tsaye a bayan Kawu yana jiran abin dariya, ga makwabta biyu da ba wanda ya gayyata. Kawu ya gyara hula, ya yi bisimilla, ya danna. Shafi ya buɗo daidai kan lissafi.

Idris ne ya karanta. F9.

Wata shida na yi ina fama da baƙin allo, ga abin da na samu. Na juya ina jiran sharhin Kawu. Kaka ta dube shi ta ce, "Auta, yau ba zagi? Ko azumi kake?"

A nan labari ya rabu biyu. Kawu yana cewa hawayena ya gani, zuciyarsa ta kasa, ya zaɓi gaskiya. Ni kuwa ina gefensa, na ga hannunsa yana neman inda zai rufe shafin, yatsansa ya murza tayar linzamin kwamfuta, shafin ya haura sama. Sai ga hoto: mutum mai furfura a gemu, da hula zanna, ya zaro ido kamar an kama shi da kayan sata. Habibu Nuhu, cibiyar jarrabawa ta Rigachikun.

Ashe jiya da yamma, da ya buɗe nawa, ya buɗe nasa a gefe ya daɗe yana kallo. Ya rantse ya rufe shi. Na yarda da shi. Sai dai ana tada iƙama ya rufe, nan take ya danna fita, burauzar ta mutu kafin ta riƙe abin da ya yi a ƙarshe. Ta dawo masa da abin da ta tuna.

Kaka ta sa aka matso da kujerarta, ta ƙura wa hoton ido, ta ce ita dama ta sani, tun a aji uku ya gudo ya bi mota, kuma gara ba ta taɓa shiga ɗakinta ba. Sannan ta ce, "Karanta mana. Yadda ka yi wa 'ya'yan mutane, da sharhin."

Ya karanta. Hausa A1, Turanci C5, addini B2, kiredit shida cif yana ɗan shekara hamsin da biyu. Da ya zo kan lissafi ya nemi tsallakewa, Idris ya taimaka masa da kabewa. Kaka ta yi dariya har carbi ya faɗi. Sai can aka tuna da ni, aka buɗe shafin gefe: C6.

Dokar Asabar ta mutu a ranar. Mutane ba su daina kawo masa fom ba, sai dai yanzu suna karantawa kafin su sa hannu. Bayan sati biyu ya aiko a kira ni, ya rufe ƙofar shago, ya fito da littafin lissafi daga ƙarƙashin firinta, ya ce, "Hasiya, wannan x ɗin, wa ya ɓatar da shi da kullum ake nema?"

Litinin da Laraba nake zuwa. Idan ya ci gyara ba na sharhi, kallon kansa kawai nake yi, shi kuma ya gane. Da magariba yana rufe shafuka ɗaya bayan ɗaya, ya rufe burauzar, ya tsaya ya ƙirga ashirin kafin ya danna fita. Na rubuta ranar a littafin dangi, tsakanin auren Sa'adiya da haihuwar tagwaye. Ya roƙe ni in goge. Da biro na rubuta.