Rigunan da Almakashi Ta Rage

Almakashi ake ce mata a layinsu, kuma ba don ɗinki kaɗai ba. Bakinta ya fi wanda ke kan teburinta kaifi. Shagonta ɗan ƙuƙut ne: keke ɗaya, benci ɗaya, madubi mai tsaga, ga ƙyallaye har kan fanka. Duk wanda zai kawo mata ɗinki, to, ya haɗo da haƙuri.

Ba haka aka haife ta ba, duniya ce ta wasa ta. 'Yarta tilo ta kwanta ciwo tun zamanin da ba a ambaton ƙanjamau sai da raɗa, maganinsa kuwa sai dai a ji a labari. Almakashi ta yi ta rage wa yarinyar riguna, yau a kafaɗa, gobe a ƙugu, har aka kai ranar da babu sauran abin ragewa. 'Yar ta rasu ta bar jaririya mai sunan kakarta, ana kiranta Takwara. Da aka tabbatar lafiyar jaririyar lau, sai Almakashi ta ci ɗamara, ta rantse cutar nan ba za ta sake shigo mata gida ba.

Kai, Takwara ta ga tsaro! Duk inda masu faɗakar da matasa suka kafa rumfa, Almakashi na sahun gaba, riƙe da hannun jikarta.

"Ku auna mini ita."

"Haba Kaka, ko saurayi fa ba ni da shi!"

"Haka uwarki ta ce mini. Miƙa yatsa."

Da saurayin ya samu, shi ma sai da ta tasa ƙeyarsa zuwa asibiti kafin ta yarda a yi maganar aure. Ita kuwa a duk rumfar da ta je, kujera ake jawo mata a ba ta ruwan sanyi, a yaba mata. Ba wanda ya taɓa cewa ta miƙo nata yatsan, ita ma abin bai taɓa faɗo mata a rai ba.

Bayan Takwara ta tare, gida ya yi mata faɗi. Akwai wani dattijo mai gyaran keken ɗinki, matarsa ta rasu, da ya tsiri zuwa duba keken da babu abin da ya same shi. Tun tana korarsa har ta fara ajiye masa shayi. Aka ɗaura aure, layi ya sha dariya. "Auren hira," in ji mai shagon kusa, "wannan ya shafa wa wancan man zafi a gwiwa." Takwara ma ba ta ƙyale ta ba. "Amarya, an dai yi gwaji ko?" Aka kwashe da dariya, Almakashi ta jefe ta da ƙyalle. Gwajin kuwa ba a yi ba. Hira kam sun sha, amma wa ya ce furfura tana mai da miji da mata wa da ƙanwa?

Sun ɗan shekara cikin daɗi, sannan tari ya kama Mai Gyara. Ya yi ta ramewa har ya cika. Aka ce tsufa ne, kwana ya ƙare.

Sai jikin Almakashi ya ɗauka. Zazzaɓi ya tafi ya dawo, gudawa, ƙuraje a baki. Ta yi ta safa da marwa a asibiti. Yau maleriya, gobe taifot, jibi "Kaka, shekaru ne, a riƙa hutawa." Tana ji ana yi wa 'yan matan da ke gabanta tambayoyi filla-filla, in an zo kanta sai a sunkuyar da kai a auna hawan jini. Wa zai dubi sa'ar kakarsa ya tambaye ta harkar shimfiɗa? Wai ladabi ke nan. Tir da ladabin da ke raka mutum kushewa yana yi masa sannu.

Wata safiya ta ɗauko rigarta da ke zame mata, ta juya ta, ta ɗora a keke. Ta kama kafaɗa ta rage. Ta gangaro ƙugu. Nan ƙafarta ta tsaya cak. Hannunta ya san wannan aikin, ya taɓa yinsa a wannan shagon, a kan wannan keken. Ta bar rigar a ƙarƙashin allura ta ɗauki mayafi.

"Gwajin ƙanjamau nake so," ta ce wa nas.

Nas ɗin ta yi dariya. "Haba Kaka! Ke kuma ina ke ina wannan?"

"Da ke na yi auren? Ga yatsa."

Likitan da ya faɗa mata sakamako bai wuce sa'an mijin Takwara ba, kuma tebur yake kallo. Ya ce yanzu akwai magani, ba kamar da ba, za a ɗora ta a kai a yi fatan alheri. Sai dai ciwon ya ci jiki sosai. "Da kin zo da wuri, Kaka..."

"Na zo," ta ce. "Bencin ƙofarka ya fi ka sanina."

Yanzu takan je karɓar magani tana dogara sanda, shago a rufe. A bangon ɗakin jira akwai hoton samari da 'yan mata suna murmushi, an rubuta a kare matasa. Adadin matasan da ke kamuwa yana raguwa, in ji nas, kuma Almakashi ba ta baƙin ciki da haka, da guminta a ciki. Amma ta lura masu furfura a bencin ƙaruwa suke yi, kowa na ɓoye fuska.

Ran nan wata budurwa ta tashi tsam ta ba ta wuri, ta durƙusa ta gaishe ta.

"Sannu Kaka. Wa kika rako?"

Almakashi ta dube ta, ta dubi hoton bango.

"Shekara da shekaru rakiya nake yi, 'yar nan," ta ce. "Yau kaina na kawo."