Malam Jibril Bahago, Alƙalin Wasan da Kunya Ta Ci

Haihuwa da Asali

An haifi Malam Jibril, wanda aka fi sani da Bahago saboda da hagu yake rubutu, a shekarar 1941 a unguwar Ƙofar Doka cikin birnin Zariya. Mahaifinsa shi ne Malam Ya'u, magatakarda a kotun alƙali, mahaifiyarsa kuwa Malama Ummukulsum, wadda ke karantar da matan unguwa a cikin gida. Gidansu gidan ilimi ne da kamun kai, irin gidan da yaro ba ya ɗaga ido ya dubi babba, babba kuma ba ya sake fuska ga ɗan da ya haifa. A cikin wannan tarbiyya ya tashi, kuma bai saki ko ɗaya daga cikin ladubbanta ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Karatu da Fara Aiki

Ya sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinsa, sannan ya yi firamare da midil a Zariya, ya wuce kwalejin horon malamai, inda ya kammala a 1960. Burin Malam Ya'u shi ne ɗansa ya karanci fiƙihu ya zauna kan buzun shari'a, amma Jibril ya dawo gida da takardar malamin motsa jiki, yana koya wa yara tsalle da guje-guje da gajeren wando. Tsohon bai hana shi ba, sai dai har ya rasu, idan aka tambaye shi aikin ɗansa, cewa yake yi malamin makaranta ne, ya yi sauri ya sauya magana.

A 1971 aka tura shi Kaduna kwas na alƙalancin ƙwallon ƙafa, ya dawo yana cikin mutane ƙalilan masu takardar busa usur a duk yankin. Cikin shekarun da suka biyo baya sunansa ya kafu. Ba ya cin abincin kowace ƙungiya, ba ya shiga motar kowane mai kulob, a kan kekensa yake zuwa fili, a kansa yake komawa. Ya taɓa ba ɗan hakimi jan kati a gaban mahaifinsa, aka yi wata guda ana zancen a bakin kasuwa. Idan ƙungiyoyi biyu suka yi jayayya kan wanda zai busa musu, da an ce Bahago ne sai kowa ya yi shiru.

Aure da Ɗan Fari

Ya auri Malama Safiyatu a 1962, a shekara mai zuwa kuma Allah ya ba su ɗa namiji, aka raɗa masa suna Nasidi. Bisa al'adar kunyar ɗan fari, iyayen ba su kiran sunansa, ba su ɗaukarsa a gaban mutane, ba su nuna sun san da zamansa. Da aka yaye shi sai kawunsa, Alhaji Mamman na Tudun Jukun, yayan Safiyatu, ya ɗauke shi riƙo, ya sa shi makaranta da sunan Nasidi Mamman. Gidaje da yawa sukan sassauta wannan kunya idan yaro ya girma, amma Malam Jibril ya riƙe ta tamkar farilla. Idan dole ta sa ya ambace shi, sai ya ce "yaron gidan Alhaji", idan kuma suka haɗu a hanya yaron ya durƙusa gaisuwa, sai ya amsa yana duban bango. Wanda ya san shi ya san ba ƙiyayya ba ce, domin duk ranar da aka ce Nasidi ba shi da lafiya, Malam Jibril ba ya iya cin tuwo.

Fitowar Nasidi a Fagen Ƙwallo

A 1983 Nasidi ya shiga ƙungiyar Taurarin Kufena yana sanye da lamba goma, kuma kafin shekara ta zagayo babu ɗan wasan da ake zancensa a Zariya kamarsa. Shi ke raba ƙwallo, shi ke buga bugun tazara, shi ke zura ta a raga. Mutane sukan rufe shaguna su tafi kallonsa, yara kuma suna rubuta goma da gawayi a bayan rigunansu. Tun da alƙalai masu takarda ba su da yawa, manyan wasannin Kufena sai suka riƙa faɗowa hannun Malam Jibril.

A nan ne matsala ta soma. Duk sa'ad da ƙwallo ta isa ƙafar Nasidi, idon Malam Jibril kan zame da kansa ya koma wani wuri, kamar yadda ya saba tun yaron yana goye. Alƙalin da ke hango ƙeta daga wancan ƙarshen fili sai ya zama ba ya ganin abin da lamba goma ke yi a gabansa, shi kuwa Nasidi, kamar kowane ɗan wasa mai wayo, ya lura ana barinsa, ya riƙa jan riga da sa gwiwar hannu son ransa. A wasan kusa da na ƙarshe na 1985 ya tare ƙwallo da hannu ya ci, kowa a fili ya gani ban da mai usur. Daga ranar 'yan kallo suka ƙirƙiro waƙarsu, suna tafi suna cewa, "Ɗa ya ci, uba ya busa." A birnin da kowa ya san kakan kowa, sunan Mamman da ke kan takarda bai rufe wa kowa ido ba.

Zaman Kwamiti na 1986

Da koke ya yi yawa, kwamitin wasanni na yankin ya kira shi. Shugaban zaman, Alhaji Kabir, mutum ne mai son a rufa asiri, don haka ya buɗe masa ƙofa a fili. Ya ce, "Malam, idan akwai wata alaƙa tsakaninka da wani ɗan wasan Kufena, ka faɗa mana kawai, mu ba wani alƙali wasanninsu, shi ke nan magana ta mutu." Abin da ake buƙata shi ne ya buɗe baki ya ce ɗansa ne. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma Malam Jibril ya sunkuyar da kai a gaban dattawa, ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ni a fili lamba na sani, ban san ɗan kowa ba." Dattawan sun fahimci abin da ya hana shi, kuma su ma kunya ta hana su faɗa a madadinsa. Aka yi addu'a aka tashi, aka bar shi da wasannin Kufena.

Shekaru biyu da suka biyo baya sun yi masa tsanani. Duk fanaretin da ya ba Kufena, ko da an karya ɗan wasansu ne a gaban raga, sai a ce son kai ne. An jefe shi da ɓawon rake, an sace masa fitilar keke, ɗalibansa ma suna rera waƙar nan ƙasa-ƙasa idan ya juya yana rubutu a allo. Mutumin da bai mallaki komai ba sai sunan adalci, ya wayi gari yana kallon sunan yana zubewa a hannunsa, ba shi kuma da bakin da zai kare kansa.

Wasan Ƙarshe na 1988

A watan Agusta na 1988 Taurarin Kufena suka haɗu da Zaratan Ƙofar Doka a wasan ƙarshe na cin kofin yanki. An yi ruwa da safe, fili ya yi santsi. A cikin 'yan kallo akwai wakilin wata babbar ƙungiya daga Legas da ya zo musamman don ya ga Nasidi. Abokan aikin Malam Jibril sun shaida cewa kafin a fara ya gaya musu yau zai rufe bakin kowa.

A ranar ya tilasta wa kansa abin da bai taɓa yi ba, ya kafa wa lamba goma ido tun daga busar farko. Zarata sun ɗora wa Nasidi wani ɗan baya mai suna Jalo, ƙato mai taka ƙafa, wanda ya yi ta sharo shi ta baya. Malam Jibril ya ga kowace ƙeta sarai, kuma duk lokacin da ya kai usur baki sai ya ji 'yan kallo sun fara ɗaukar waƙarsu, sai ya sauke hannu ya yi nuni a ci gaba. Jalo ya gane an sakar masa mara, ya ƙara ƙaimi. Bayan hutun rabin lokaci ya sake kayar da Nasidi a cikin taɓo, Nasidi kuwa ya ɗago kai ya dubi alƙali, ya ce da ƙarfi yadda na bakin layi suka ji, "Baba, wannan ma ba ka gani ba?" Bai taɓa kiransa da wannan suna a gaban mutane ba sai ranar. Malam Jibril ya juya baya ya bi ƙwallo.

Ba a jima ba Jalo ya shigo da ƙafa biyu, aka ji ƙarar ƙashi har kan benci. A lokacin ne aka busa usur aka ɗaga jan kati, sa'ad da ba su da sauran amfani ga kowa. Aka ɗauki Nasidi a bayan a-kori-kura, mahaifinsa kuma ya tsaya ya ƙarasa wasan har minti na ƙarshe, domin doka ba ta ba shi iznin barin fili ba.

Bayan Karaya

An kai Nasidi wurin mai ɗori, daga baya aka mai da shi asibiti, ƙafar ta warke a gajarce, bai sake buga ƙwallo ba. Mutumin Legas ya koma tun washegari. Sunan da Malam Jibril ya so ya wanke kuwa bai wanku ba, an gudu ne ba a tsira ba. Waɗanda a da suke cewa yana fifita ɗansa, su ne suka koma cewa ya miƙa ɗansa an karya don a yabe shi, waɗansu ma suka ce ai da ma mutumin ba shi da imani. Ya ajiye alƙalanci a ƙarshen shekarar, babu wanda ya roƙe shi ya zauna.

Duk tsawon jinyar yakan hau keke ya je Tudun Jukun, ya zauna a zauren Alhaji Mamman, ya tambayi lafiyar mutanen gida, ya ce yaya mai jiki, ya tashi ya tafi ba tare da ya shiga ciki ba. Alhaji Mamman ya taɓa kama hannunsa ya ce, "Malam, don Allah ka shiga ka duba shi, yau ba ranar kunya ba ce." Malam Jibril ya miƙe har bakin ƙofa, ya tsaya, ya juyo. Da labarin ya kai wa Nasidi, sai ya ce, "Kawu, ka bar shi. Wanda bai gan ni ina tsaye ba, me zai gani ina kwance?" A 1990 Nasidi ya koma Funtuwa ya buɗe shagon ɗinki, ya yi aure a can, bai ƙara taka gidan Ƙofar Doka ba. Idan ya yi marmarin mahaifiyarsa, a gidan kawunsa suke haɗuwa.

Shekarun Ƙarshe

Malam Jibril ya yi ritaya daga koyarwa a 1992. Ya daina zuwa fili, ya daina zaman majalisa, idan aka kunna rediyo ana sharhin ƙwallo sai ya ɗauki butarsa ya fita. Hawan jini ya kama shi, daga baya ya samu shanyewar ɓarin jiki a 1995, ya kwanta kusan shekara biyu. Malama Safiyatu ta ce a duk tsawon kwanciyar nan tambayarsa ɗaya ce, wato ko an aika wa yaron nan. An aika ba sau ɗaya ba, amsar da ke dawowa ita ce Allah ya ba shi lafiya.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar wata Laraba da hantsi a watan Mayu na 1997, yana da shekara hamsin da shida. An yi masa salla bayan azahar a ƙofar gidan mahaifinsa, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar bayan ganuwa. Malamai da tsofaffin ɗalibansa sun halarta, daga mutanen ƙwallo kuwa Alhaji Kabir kaɗai aka gani. Allah ya gafarta masa, ya sa ya huta.

Ya rasu ya bar matarsa Safiyatu da 'ya'ya shida: Mustapha, malamin makaranta, Sailuba da Jamilatu, waɗanda ke gidajen aurensu, Asma'u da Sakinatu, waɗanda a lokacin suke sakandare, sai babbansu Nasidi. Shi Nasidi ya iso rana ta uku yana ɗingishi, aka matsa aka ba shi wuri a kan tabarmar masu karɓar gaisuwa, bai zauna ba. Ya durƙusa a gaban ƙaninsa Mustapha kamar sauran baƙi, ya ce, "Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ba ku haƙuri," sannan ya miƙe ya nufi tasha.