Tsibirin da Inna Ta Zana Mini da Ludayi

A tsibiri aka haife ni, wannan ba ƙarya ba ce. Abin da ban faɗa wa attajirin ba shi ne, ina wata bakwai aka fitar da ni daga can a goye, kuma ban sake taka wani tsibiri ba.

Lokacin na ba talatin baya, shekara goma sha huɗu ina aikin gini a Jidda a ƙarƙashin wasu. Ni ke jera dutse, ni ke miƙar da abin da mu'allim ya karkatar, amma idan mai gida ya zo duba aiki, mu'allim yake miƙa wa hannu. Mu'allim shi ne babban magini, wanda ake danƙa wa aiki dungurungum. Ɗan Takari irina ba a cika kiransa da wannan suna ba. Ni kuwa ina son sunan nan kamar me, ban taɓa ɓoyewa ba.

Shekarun nan ne mutanen Jidda suka fara samun motoci, duk ranar Alhamis sai a kwashi iyali a nufi bakin teku wajen Abhur. Wani attajiri mai fataucin shinkafa yana da fili a can. Wani abokinsa ya dawo daga ƙasashen waje ya ba shi labarin wuraren hutawa da ake ginawa kamar ƙauyen tsibiri, sai ya ce ai mu ma muna da tsibirai a kudu wajen Jizan, a yi masa irin gidajensu, iyalai su riƙa kwana biyu a ciki. Shi bai taɓa zuwa tsibiran ba, jirgin ruwa amai yake sa shi. Injiniyansa Bamasare ya zano masa bene irin na Alƙahira, ya ɗora bishiyar kwakwa a gefe, attajirin ya ce ba abin da ya nema ke nan ba.

Ina kan tsani ina yaɓe bangon ofishinsa aka yi wannan rigima. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ya Ammi, ni a can aka haife ni."

Attajirin ya ce in sauko. Ya karɓi iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, ya ga wurin haihuwa a rubuce, ya dubi Bamasaren, ya dube ni. Ya ce, "Halas. Ka gina mini sashe ɗaya in gani. In ya yi, sauran goma sha ɗayan naka ne, ya mu'allim."

Wallahi nan take na amsa.

Da yamma na tafi unguwar Sa'alaba wajen Inna. Ita ce ta san tsibiri. Tana amarya suka baro ƙauyensu a ƙasar Hausa da ƙafa, ita da mahaifina, da niyyar aikin hajji. Shekara bakwai suna ratsa Sudan, sannan wani mai jirgin katako ya sauke su a tsibirin ya ce musu ga Jidda nan bayan tudu. Sai da suka shekara biyu kafin suka samu wanda ya tsallakar da su. Iyakar abin da na sani ke nan, don Inna ba ta ba da labari, gyaɗa take soyawa ta sayar. Kuma da yake ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kama sunana ba.

Na durƙusa na gaishe ta, na zayyana mata komai. Ta ci gaba da juya gyaɗa cikin yashi kamar da bango nake magana.

"Kai wannan, gidan da na sani kake so?"

Na ce, "Shi fa, Inna."

Ta juya ludayi ta fara zane da mariƙinsa a ƙasa. Nan zaure, ƙofa biyu, kada su kalli juna. Nan zana ta kewaye, tsawonta ya wuce kan mai tsawo. Nan ɗakuna uku zagayayyu masu jinka. Nan rumbu a kan duwatsu. Nan murhu, nan gindin randa, a dasa wani abu mai inuwa a kai. Matar da ba ta haɗa mini magana goma a yini, ranar har magariba tana bayani. Na kwafe duka a bayan takardar siminti. Na tambaye ta me mutanen tsibiri ke zubawa a rumbu, tunda masunta ne. Ta ce abin da Allah ya hore musu.

Ni a Jidda na tashi, cikin ɗakunan gwangwani da katakon akwati. Ban taɓa ganin rumbu da idona ba, don haka ban ga abin tambaya ba.

Wata biyu muna aiki. Leburorina 'yan duwatsun Yaman ne, teku ma a Jidda suka fara ganinta. Jinka ce ta gagare mu, sai na nemo wani tsoho Bahaushen Sudan a unguwar Bani Malik wanda aka ce ya iya. Ya zo ya tsaya a tsakar gidan, ya dubi zaure, ya dubi rumbu, ya daɗe yana kallo.

"Tsibiri, ko?"

Na ce, "Tsibiri, Baba."

Ya ce, "To, madalla." Ya hau ya ɗaura jinka da ganyen dabino, bai sake cewa uffan ba. Har yau ina jin haushin tsohon nan, Allah ya jiƙansa.

Attajirin ya zo sau biyu. Ya tambayi amfanin rumbu, na ce yara za su riƙa ɓuya a ciki. Ya tambayi dalilin da zana ta tare teku gaba ɗaya, na ce mutanen tsibiri sun gaji da ganinta, kuma matan baƙi za su sake. Wannan ta biyun ta yi masa daɗi ƙwarai. Ya riƙa kirana mu'allim a gaban leburori, ni kuma na sayi sabon rawani.

Ranar da aka gama, ya gayyato abokansa cin kifi. Don ya burge su, ya sa aka zo da wani tsohon matuƙin jirgi, haifaffen tsibirin, wanda ke kawo masa kaya daga kudu. Mutumin ya shiga zaure, ya fita ta ɗaya ƙofar, ya kewaya rumbu, ya leƙa ɗaki. Attajirin yana ta murmushi, ya ce, "Yaya, ka dawo gida?"

Matuƙin ya ce, "Gidan wa?"

Ya yi bayani a natse, ba da mugunta ba. Su da dutsen teku suke gini, su shafe da farar ƙasa, su yi wa ƙofa ado. Irin wannan kuwa ya taɓa gani yana saurayi, ɗakuna biyu ko uku a bayan gari, inda Takari masu jiran jirgi suka zauna. Amma ko su ba su yi rumbu ba, me za su zuba? Ya ce wannan dai gidan ƙasar Takarin ne, can Afirka.

Wani cikin baƙin ya tuntsire da dariya, sauran suka bi. Attajirin bai ɗaga murya ba. Ya ce ranar Asabar za a zo a rushe, Bamasaren ya kawo zanensa. Da zai shiga mota ya kira ni da sunana kawai, ya ce in kwashe kayan aikina.

Ban bi ta gidana ba, Sa'alaba na wuce, raina a ɓace. Ban taɓa yi wa Inna magana a tsaye ba sai ranar.

"Inna, gidan tsibiri na tambaye ki!"

"Gidan da na sani na ce maka. Ka ce shi fa."

"Kin san ba shi ba ne?"

"Na sani. Ni ban taɓa shiga gidan mutanen nan ba, daga bakin ƙofa nake miƙa musu wankinsu." Ta kwashe gyaɗa daga wuta. "An gama ginin?"

Na ce an gama, jibi kuma za a rushe, ni ma an gama da ni. Can ta ce, "To kai ni gobe."

Na so in ce ba zan kai ta ba. Shekara goma sha huɗu nake jiran aikin nan, ta ɗauka ta kashe a kan abin da ba ta ko gaya mini ba. Na ji zafinta, zafi sosai. Bayan sallar Juma'a na nemo motar wani abokina na kai ta.

Ta cire takalmi a bakin zaure. Ta yi sallama, ba kowa a ciki. Ta bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya tana shafa bango, ni ina biye da ita kamar mai jiran a biya shi. A gaban na tsakiya ta tsaya.

"Nan innata take. Ta rako ni har bakin zana, ta ce in na sauke farali in dawo da wuri, gero ya kusa nuna."

Shekara arba'in ke nan da wannan magana. Ban taɓa jin ta ambaci tana da uwa ba.

Ta dubi ƙofar sama da ƙasa, ta ce, "Kai wannan, ka yi ta da tsawo. Tata sai ka sunkuya."

Kayan aikina suna cikin motar. Na ɗauko, na kwaɓa laka, na sa itace na rage ƙofar da taƙi biyu. Ta zauna a ƙasa tana kallona har na gama, ta ce in ƙara ragewa kaɗan, na ƙara. Sannan ta tashi ta sunkuya ta shiga. Na zauna a waje ina jin ta tana magana ƙasa-ƙasa, ba da ni ba.

Da safe aka rushe. Na koma jera dutse a ƙarƙashin wani Bayamane, sai bayan shekara shida wani ya sake ba ni aiki nawa na kaina. Inna ba ta taɓa ba ni haƙuri ba har ta rasu, ni ma ban nema ba.