Sa'adatu da Wasan Rufe Ido

Ban taɓa mantawa da ranar da muka yi wasan rufe ido a bikin ƙarshen shekara ba, lokacin ina malamin aji huɗu a wata firamare kusa da Hunkuyi. Ku sababbin malamai nake ba labarin, kuma laifin da ke ciki nawa ne.

A ajina akwai wata yarinya, Sa'adatu, mai zama a bencin baya. Duk abin da na rubuta a allo, ko ta kwafe shi a karkace, ko ta bar shafin fayau. Na yi mata tsawa, na sa ta durƙuso, amma ban taɓa tambayarta dalili ba. A katin sakamako akwai gurbin da malamin aji ke rubuta ra'ayinsa kafin hedimasta ya sa hannu. A nata na rubuta: "Ba ta da ƙoƙari." Mahaifinta kuwa, Malam Iliya mai sayar da hatsi, ya riga ya ce in sakamakon bana ya yi kama da na bara, zai cire ta daga makaranta.

Ranar bikin aka jera kwanuka a kan tebur. Sai a ɗaure wa mutum ido da ɗankwali, ya taɓa ko ya sansana, ya faɗi abin da ke ciki. Da iyaye aka fara. Malam Iliya ya sansana kanumfari, ya ce masoro ne.

Hedimasta ya ce, "Haba Malam Iliya, da wannan hancin kake ciniki?"

"Ranka ya daɗe, mura ce!" Aka fashe da dariya.

Da aka zo kan yara, na tsallake Sa'adatu don kada ta kunyata ni. Inna Laraba, mai dafa wa yara abinci, ta ce, "Malam, ita wannan fa? Ba 'yar ajinka ba ce?"

Dole na ɗaure mata ido. Daddawa, citta, tsamiya, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Da ta kai kwanon dawa, ta murza tsakanin yatsu, ta sansana, ta ce, "Kaura ce, kuma ta bara. Tana warin rumbu."

Mahaifinta ya miƙe tsaye. "Wallahi ta bara ce, ni na kawo ta!"

Na kwance ɗankwalin, na rubuta sunanta a allo, na ce ta karanta wa jama'a wanda ya ci. Ta ƙanƙance ido, ta yi ta matsowa har hancinta ya kusa taɓa allon, sannan ta karanta.

Inna Laraba ta ce a hankali, "Malam, ni da nake riƙe da ludayi ma na gane idon yarinyar nan ba lafiya. Kai shekara guda kake da ita."

Na roƙi hedimasta ya dawo mini da katin in gyara. Ya ce, "Kai ka rubuta, kai za ka yi wa ubanta bayani." Na je na gaya wa Malam Iliya gaskiya, na ce zaluntarta na yi. Ya ce, "Mu ma a gida ƙiwuya muka ɗauka."

A hutun nan ya kai ta Zariya aka yanka mata tabarau. Ta dawo aji biyar a bencin gaba. Na nemi gafararta, ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba komai, Malam."

Don haka kafin alƙalaminku ya yanke wa yaro hukunci, ku matso da shi gaba, ku tambaye shi abin da ke damunsa. Ku riƙa jin ta bakin masu dafa abinci da masu gadi ma. Sau da yawa sun fi mu kallon yaran.