Tankar da Na Goge

Kusan shekara ashirin na yi ina kula da tsofaffi a gidajensu a birnin nan, kuma gwiwoyina ne shaida. Na ɗaga masu nauyi, na wanke waɗanda ba sa son wanka, na sha zagi da harsunan da ban san sunansu ba. Yanzu da na ajiye aiki nake zaune a ɗakina na unguwar Tremont, duk waɗannan sun dushe. Abin da ya ƙi barina wata 'yar tankar yaƙi ce ta roba, wadda tsawonta bai wuce tafin hannuna ba.

Mai ita wani tsohon Bature ne a unguwar Flatbush, wanda kamfanin da ke tura mu aiki ya ba ni daga Litinin zuwa Juma'a. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini Saje, irin na soja, wai saboda yadda nake tsare shi da shan magani. Ba shi da nauyi, ba shi da faɗa, gininsu yana da lif, kuma idan ya ga na shimfiɗa sallaya da kansa yake rage rediyo. Wanda bai yi aikinmu ba ba zai san darajar irin wannan gida ba. Kafin shi, wata mata na yi wa shekara biyu a bene hawa na biyar, ita ce ta gama mini da baya.

Tsohon ba shi da abin yi sai haɗa tankoki. Zai sayo kwali cike da gutsattsarin roba, ya manna su da gam, ya yi musu fenti, ya jera a kanta. Duk na Jamus ne, na yaƙin duniya na biyu. Na taɓa tambayarsa me ya haɗa shi da kayan abokan gaba. Ya ce mahaifinsa ya fuskance su a fagen fama, ya dawo gida bai taɓa yin zancen ba har ya mutu, shi kuma yana so ya ga abin da idon uban ya gani. Tun ranar farko ya nuna mini kantar ya ce kada in taɓa.

Asabar da Lahadi wata ce ke zuwa, kuma ni na samo mata wurin. Ƙanwar ƙawata ce, tare muka tashi da yayarta a zangon Kumasi. Ta zo ba da daɗewa ba da 'ya'ya biyu, Turancinta bai zauna ba. Da za ta taso, yayarta ta kira ni a waya ta ce, ga amana nan.

Wata Juma'a 'yar tsohon ta zo ta kai shi asibiti. Kafin su fita ta shafa yatsa a kan talabijin, ta duba yatsan, ta dube ni. Na ji kunya har cikin ƙashina. Suna fita na kama shara da goge-goge. Da na iso kantar sai na ga wata tanka a gaba, wadda ya yi wata uku yana aikinta don ya kai ta wani taron masu irin wannan sha'awa. Ta yi futu-futu. Taɓo ya bushe a ƙafafunta, ƙura ta kwanta a samanta, har da wani jirwaye kamar tsatsa. Na ce a raina, wannan ƙazanta idan 'yar ta gani ni za a zaga. Na jiƙa tsumma da sifirit ɗin da nake goge masa wurin allura, na share gefenta sau biyu.

Ba ƙurar kaɗai ta fita ba. Koren da jan da rawayan duk suka narke suka bi tsumman, robar ta fito tsirara. Sai a lokacin na gane ashe taɓon ma shi ya yi shi da hannunsa. Na juya gefen da ya lalace ya fuskanci bango, na cusa tsumman a jakata, na jefar da shi a kwandon shara na tashar jirgi.

Sai ranar Litinin ya gani. Bai yi ihu ba, ya riƙe ta kawai yana juyawa. Ya kira 'yarsa, ta zo, ta ce ai ba sai an tambaya ba, matar Asabar ce, wadda ko an yi mata magana ba ta fahimta. Sannan ta juyo gare ni.

Na ce, "Ni dai ranar Juma'a lafiya na bar ta."

Da bakina na faɗa, ba wanda ya matsa mini. Abin da ke raina a lokacin shi ne lif ɗin nan, da benen hawa biyar.

'Yar ta buga wa ofis waya, aka cire ƙanwar ƙawar tawa daga gidan. Da yamma ta zo ɗakina da mayafi a karkace, ta rantse da Allah ko kusa da kantar ba ta je ba. Na zuba mata shayi. Na ce ta yi haƙuri, Turawa haka suke, abin wasan yara ma sai su ɗaga wa mutum hankali a kansa. Ta yi mini godiya da za ta tafi. Bayan haka ofis ya riƙa tura ta gidajen da kowa ya ƙi, masu nisa, awa biyu nan awa uku can, har ta gaji ta bari. Matan da muke karatun Lahadi tare a masallaci suka yi ta cewa ganganci gare ta, an samo mata wuri mai kyau ta ɓata. Ina zaune ake faɗa. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni ko ɗigo bai taɓa ni ba.

Tsohon bai je taron ba. Ya ajiye tankar a kwali, ya kama wasu. A wannan shekarar tsufa ya soma cin ƙarfin hannunsa, sai ya fara cewa, Saje, riƙe mini nan. Daga riƙewa na koma dama fenti, daga dama fenti ya miƙo mini buroshi. Ni da iyakar karatuna firamare, sai ga ni da gilashin ƙara girma ina duban tsofaffin hotuna marasa kala, yana nuna mini inda duhu ya ƙare haske ya soma.

A wurinsa na koyi cewa tankokin farkon yaƙin ruwan toka ne mai duhu. Daga baya aka koma fito da su daga masana'anta da rawaya mai ruwan ƙasa, a ba sojoji gwangwanayen kore da na ja mai duhu, su shafa da kansu yadda zai saje da inda suke. Wasu su sirka da fetur, wasu da ruwa, wasu su fesa, wasu su shafa da tsintsiya ko tsumma, shi ya sa da wuya ka ga biyu iri ɗaya. Da sanyi su labta farar ƙasa saboda ƙanƙara, ta yi ta zubewa. Na can ƙarshen yaƙin kuma akwai masu ɗige-ɗige kamar hasken rana ta tsakanin ganye. Waɗannan ɗigon sun ci mini ido, da tsinken sakace nake yin su. Idan na yi guda ya fi girma sai ya ce, "Saje, wannan ai ƙwai kika soya mata."

Ba ya yarda da kusan-daidai. Ya taɓa wanke aikin sati biyu saboda ya gano irin wannan tanka ba ta kai lokacin wannan fenti ba. Na ce wa zai sani? Ya ce mutane sun ƙone a cikin waɗannan abubuwa, wasu kuma a gabansu, ba zai yi musu ƙarya don ta yi kyau a kanta ba. Na ci gaba da dama fentina.

Sai da aka shekara biyu ya ce in ɗauko kwalin. Muka wanke ta gaba ɗaya muka soma daga farko, rawayan, sannan koren, sannan jan, ni ke shafawa yana faɗa mini inda zan tsaya. Ranar da muka zo kan taɓo, ya nuna mini yadda ake kwaɓa garin kala, a ɗiba da tsohon buroshi, a riƙa dangwalawa a ƙafafun, ya fi yawa a baya inda sarƙar ƙafafun ke watso shi. Na yi gefe ɗaya. Da na juyo ɗaya gefen, wanda na sani, hannuna ya ƙi.

Na ce, "Baba, ni ce na goge ta. Ba waccan matar ba."

Ya tambaye ni ina matar take yanzu. Na ce tana unguwar Soundview, kitso take yi a wani shago. Ya ce in ajiye buroshin in miƙo masa waya. A gabana ya gaya wa 'yarsa, ita kuma ta kira ofis. Suka ce wadda ake magana ta daɗe da barin aiki, babu abin da za su gyara. Bai kore ni ba, ko da yake 'yar ta so. Na ƙara wata bakwai a gidan kafin a kai shi gidan tsofaffi. Yana gaishe ni, yana shan maganinsa, amma wasan da ke tsakaninmu ya ƙare.

Asabar ɗin da ta biyo bayan maganar na hau bas zuwa Soundview. Na same ta tsaye a kan wata yarinya, bakinta da tsinken tsaga, ƙafafunta sun kumbura. Ta ce, "Yaya, yau ke ce a shagonmu? Ko kitson amare za a yi miki?" Na ce ta ba ni minti biyu a waje. A bakin shagon, kusa da mai sayar da lemo, na gaya mata komai, har tsumman.

Ba ta yi kuka ba. Ta goge man kitson a zaninta, ta ce, "Yaya, ni kika zo gaya wa? Ai ni na san ban taɓa ba."

Na ce gafara na zo nema.

Ta ce, "Yayata har yau cewa take na kunyata ta a wurinki. Matan masallaci kuma kin ji abin da suka ce, kina wurin. Su za ki gaya wa." Ta ce kan mutane na jiranta, ta koma ciki.

Washegari bayan karatu, kafin a tashi, na ce ina da magana. Na faɗa a tsaye, ina dafe da bango. Na zaci ƙasa za ta tsage, sai na ga rabinsu sun ma manta da zancen. Wata ta ce, yanzu duk a kan motar wasan yara? Wata ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, aka shafa, aka shiga neman takalma. Ita mai kitson ba ta zo ba, ta daɗe da sauya masallaci. Yanzu idan muka haɗu a wurin suna ko janaza tana gaishe ni da ladabi, ta tambayi gwiwa, ta wuce.

Kiran Kumasi ya fi mini wuya, sai da na yi kwana huɗu ina ɗaukar waya ina ajiyewa. Ƙawata ta saurare ni har na gama, ina jin kukan awaki a bayanta. Ta tambaye ni shekara nawa ke nan, na faɗa mata. Ta ce a cikin shekarun nan sau nawa muka yi waya da ke? Ta ce to, bari ta kira ƙanwarta tukuna, ita ma tana da haƙurin da za ta bayar, in ya so ta neme ni daga baya. Azumi uku ke nan ba ta neme ni ba, ni kuma ban ga ina da bakin da zan sake kira ba.